Lese-fase a Bakin Iyakar Bagudo

Direban da ya saba fita ta Tsamiya, a ƙaramar hukumar Bagudo, ya nufi Segbana ta ƙasar Benin, ya san tambayar da ke jiransa a teburin 'yan duwan, wato kwastan na can: "Ina lese-fase?" Takarda ce da ke ba motar wata ƙasa izinin shiga na ɗan lokaci. Na ga wani dattijon direba ya zaro tasa daga cikin leda, ta sha ninki har ta fara tsagewa a tsakiya, ya miƙa ta da hannu biyu. Bai taɓa zama ajin Faransanci ba, amma kalmar ta zauna a bakinsa daram.

Asalinta laissez-passer, kuma umarni ne, wato "ku bari ya wuce". Da tafiya ta yi tafiya sai umarnin ya zama sunan takardar da ke ɗauke da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe. Mu ne muke kiran tangaran faɗi-ka-mutu, muke kiran shinkafar da aka haɗa da komai a tukunya ɗaya dafa-duka. A ganina shi ya sa kalmar ba ta sha wahalar samun masauki a wurinmu ba.

Ingilishi ma ya are ta, sai dai shi da ido ya ara. Ya bar mata rubutunta yadda ya same shi, har da haruffan da ba a furtawa, ya ajiye ta a manyan ofisoshi: takardar tafiyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ma'aikatanta, bisa yarjejeniyar 1946, sunanta ke nan. Hausar iyaka kuwa da kunne ta ara. Ta mai da "p" ta koma "f", kamar yadda ta yi wa fasfo da famfo, ta kai kalmar tasha cikin ƙura da warin man gas.

Tun yarjejeniyar 1898, da Ingila da Faransa suka raba ƙasar Bargu, Illo ta faɗo ɓangaren Ingila, Nikki ta tafi ɓangaren Faransa, mutanen wannan yanki ke rayuwa da aro iri biyu. Kwastan a nan, duwan a can. Naira a aljihun dama, sefa a na hagu. Ɗan kasuwa ɗaya yakan juya su duka kafin azahar, ya haɗa da Dandanci ko Fulatanci.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu ilimi ke jin lese-fase ko jandarma su ce gurɓatacciyar Hausa ce, alhali ba su taɓa tuhumar kwastan ba. Bambancin kawai shi ne wane Bature ya yi mulki a garin mai magana. Hausar Kano ce aka ɗauka ma'auni a rubuce, kuma Ingila ce ta yi mulkin Kano. Yaron da ya tashi a Lolo, a bakin iyakar, yana ɗaukar kayan fasinja zuwa Malanbil ta ƙasar Benin, da waɗannan kalmomi ya buɗe baki, da su kuma yake ciniki har gobe.