Zogale da sunan Makka

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram, mai tallan garin zogale bai cika kiran hajarsa da wannan suna ba. Ya fi son ya ce el-Makka ko bagaruwar Makka, sa'an nan ya ɗora bayani: wai daga ƙasa mai tsarki itacen ya fito, don haka ba cutar da za ta gagare shi. Wannan fassara tana da daɗin ji, amma ba ta da tushe.

Asalin zogale ƙasar Indiya ne. Sunan da masana tsirrai ke kiransa da shi, Moringa oleifera, wanda Bafaranshen nan Lamarck ya raɗa masa a 1785, an samo kashinsa na farko daga harshen Tamil na kudancin Indiya. To, me ya kawo Makka cikin zancen?

Bahaushe yana da tsohuwar al'ada ta laƙaba wa baƙon tsiro sunan hanyar da ya ga ya biyo, ba sunan mahaifarsa ba. Masara shaida ce: daga Amurka take, amma ga Masar zaune a cikin sunanta, haka ma gwandar Masar. Makka kuwa tana can gabas, inda alhazai da fatake ke dawowa da iri a ƙullin tsumma. Kalmar bagaruwa kuwa kwatance ne kawai: an ga itace mai ƙananan ganye da kwanso, sai aka jingina shi ga ɗan gida da aka sani, ko da yake zogale ba ƙaya gare shi, ba a kuma jima da shi.

Abin lura, wannan itace dai shi ake kira rimin nasara a wasu wurare. Da suna hujja ne, da zogale ya zama Balarabe da Bature a lokaci guda. Zabarmawa sun fi kowa kamewa, suka ce windi bundu, itacen cikin gida.

Kuskuren ba na nahawu ba ne kaɗai. Ganyen da manoman Jiratawa ke ban-ruwa abinci ne mai gina jiki, kwaɗonsa ya rufa wa gidaje da yawa asiri lokacin bazara. Amma mai ciwon sukari da ya ajiye maganin likita domin ya ji an ambaci Makka, lafiyarsa ya jingina ga kalmar da kakanninsa suka yi amfani da ita don nuna hanyar ayari.