Bonis ba gyara ba ce

A kowace fada, daga Damagaram har Yamai, da wuya a sha shayi na biyu ba a taɓa gardamar nan ba: wane rezo ya fi araha? Wannan ya ce Airtel, wancan ya ce Moov, na gefe ya rantse da Zamani ko Niger Telecoms. Ni a ganina gardamar tun daga tushe ta karkace. Muna gwada kuɗi da kuɗi, mega da mega, amma ba mu tsayawa mu auna kalmomin da ake sayar mana da su. Karatun ilimin harshe nake yi, kuma abu guda da ya koya mini shi ne duk wanda ya raɗa wa kaya suna ya riga ya ci rabin ciniki.

Mu fara da forfe. A Faransanci kalmar tana nufin ƙayyadadden kuɗin da aka biya a dunƙule. Masu kallon ƙwallo sun san wata forfe ɗin, wadda ake yi wa ƙungiyar da ba ta zo fili ba, a cinye ta ba wasa. Asalin kalmomin biyu daban ne, amma a salula sun haɗu: in ba ka zo ka yi aiki da meganka cikin wa'adi ba, an cinye ka. A kasuwa, in ka auni tiya biyu ta hatsi, taka ce, ka ci yau ko ka kai ta damina. A salula kuwa abin da ka saya mega ne haɗe da agogo. Adadin megan ake rubutawa da manyan baƙaƙe, wa'adin kuma can ƙasa, sai ka matse ido.

Ga misali, ba na kowane kamfani ba, don lissafi kawai. Forfe biyu, kowace jikka guda. Ta farko mega 2000 ce, kwana 3. Ta biyu mega 1000, wata guda. A takarda ta farko ta ninka ta biyu araha: kowace mega 100 dala goma, waccan kuwa dala ashirin. To, ɗalibin da ke cin mega 200 a wuni, tsakanin WhatsApp da sauke darussa, a kwana 3 mega 600 zai ci, sauran 1400 su bi iska. Ke nan kowace mega 100 ta tsaya masa sama da dala talatin da uku. Ta biyun kuwa za ta kai shi kwana 5, ya cinye abinsa tas. Araha a allon talla, tsada a aljihu.

Sai bonis. Mutanenmu suna jin ta kamar gyara, irin wadda mai ƙosai ke ƙara maka bayan ciniki ya faɗa. Amma mai ƙosai ba ta cewa gyarar sai tsakar dare za ka ci, ko sai a gabanta. Bonis kuwa sau da yawa da sharaɗinsa yake zuwa: ko na dare ne, ko na kira cikin rezo guda, ko ya mutu kafin gobe. Abin da ke da sharaɗi irin wannan sunansa tayi. Shi ya sa da yawanmu muke yawo da layi biyu ko uku, muna zaton wayo muke yi, alhali kowane layi yana cin nasa kiredi.

Ta uku ita ce "illimité", wato marar iyaka. A irin wannan forfe akan sa wani mizani, in ka ƙetare shi a rage maka gudu har hoto guda ya gagari buɗewa. Ba a yanke ka ba, gaskiya ne, don haka kalmar ba ta yi ƙarya a gaban doka ba. Amma da za a faɗe ta da Hausa, a ce "marar iyaka, sai dai tana da iyaka", ko yaro zai yi dariya.

Nan ne babbar matsalata take. Talla a rediyo da Hausa ake yi, da kiɗa da barkwanci. Sharuɗɗa kuwa, da saƙonnin da ke shigowa, da jerin zaɓin da ke fitowa in ka danna tauraro da lambobi, galibinsu Faransanci ne. Ana kiranka da harshenka, ana ɗaure ka da na wani. Mu da muka yi lakkol ma sai mun karanta sau biyu, balle gwaggo a ƙauye da ke miƙa wa mai shago salularta ta ce ya sa mata na dala arba'in. Ita da dala take ƙirga, allo yana rubuta 200 F, mega kuma ba ta da tiyar da za a gani da ido.

Zan yi wa kamfanonin adalci. Kafa eriya a ƙasa mai faɗin Nijar, da ciyar da ita da gazuwal inda babu lantarki, ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma ba wanda ya ce su yi sadaka. Abin da nake suka shi ne a ɓoye farashin gaskiya a bayan kalma.

A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In da gaske ake, hukumar ARCEP da ke sa ido kan sadarwa ta wajabta a bayyana wa'adi da sharaɗin kowace forfe da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a rubuce da kuma cikin murya, don wanda bai iya karatu ba. Kafin nan, ƴan uwa, duk sanda za ku sa forfe ku tambayi abu uku: kwana nawa za ta yi, mega nawa nake ci a wuni, kuma rezon yana kamawa a inda nake kwana? Salularku tana nuna megan da kuke ci a cikin saitinta. Ku duba na mako guda, ku rubuta, sannan mu dawo fada mu yi gardamar da hujja.