Wace Kyamara Ce Ta San Fuskarmu?

Tun bayan babbar Sallah muke jin gardamar nan a majalisun Agege: samari masu son shiga sana'ar ɗaukar hoto sun rabu biyu, wasu na Canon wasu na Sony, kowa ya kafe a kan tasa ce ta fi fitar da hoto. Kuɗin da ake magana a kai ba kaɗan ba ne, wani adashen shekara guda zai kwashe, wani ma babur ɗinsa zai sayar. Shi ya sa muka karɓi hotunan biki uku da aka yi a unguwar nan, kowanne da kyamararsa marar madubi, muka kai aka wanke mana su manya, muka baje a tabarma. Mun ƙi yarda mu duba a waya, don WhatsApp matse hoto yake yi, sai mai kyau da marar kyau su koma 'yan uwa ɗaya.

Kyamarorin su ne Canon R50 ta 2023, da Sony A6400 ta 2019, da tsohuwar Sony A7 III ta 2018, wadda mai ita ya saya tokunbo. Abin dariya, duk ukun megafiksel 24 gare su. To lambar da ake cika mana kunne da ita a Computer Village ba ta raba gardamar komai ba.

Da rana tsaka, a wajen ɗaurin aure, nan jarrabawar take. Ga baƙar fuska, ga farar shadda tana ƙyalli, ga hula ta sa inuwa a goshi. Kyamara in aka bar ta da dabararta, farin kayan take bi, sai fuskar ango ta dushe ka rasa idonsa. In kuma aka buɗe don fuskar, aikin allurar da ke wuyan babbar riga ya narke ya zama fari fat. A nan A7 III ta yi zarra. Farantin da ke karɓar haske a cikinta milimita 36 ne da 24, ya ninka na sauran biyun fiye da sau biyu, kuma a hotunanta mun ga fuska mun ga zare. Sai dai mu faɗi gaskiya, mai ita ya san hannunsa: kusan duk hotunan a inuwar rumfa ya tsayar da mutane. Shi kuwa na R50 a bainar rana ya jera iyaye, kowa ya runtse ido. Wannan ba laifin kamfani ba ne.

Launin fata kuwa, a idonmu Canon ta fi daɗin kallo kai tsaye, fatar amarya ta fito da ɗumi ba tare da an taɓa ba. Mai A6400 sai da ya gyara nasa a kwamfuta, ya kuma wuce gona da iri, ya haskake amarya har gwaggonta ta ce ba 'yarta ba ce. Don Allah masu hoto a daina mana wannan bilicin na kwamfuta.

Da daddare wajen kamu, cikin ɗaki da ƙwan fitila ɗaya, lissafi ya juya. Mai A6400 ya cire gilashin da aka sayar da ita da shi, ya ɗaura Sigma 30mm f/1.4, wanda ke shigar da haske ninki 16 a kan gilashin da ya tsaya a f/5.6. Hotunansa sun fito tas, lallen hannu har ana ƙirga zanensa. Na R50, da ɗan gilashinta na kwali 18-45mm, sun yi yashi-yashi, masu rawa duk sun zama hazo. Canon ba ta buɗe wa Sigma da Tamron ƙofar yin gilashi ga irin wannan kyamara ba sai a 2024, Sony kuwa ta daɗe da buɗewa, shi ya sa gilashinta na hannu ya fi sauƙin samu.

To wanda kuɗinsa ya tsaya a ƙaramar kyamara, mu dai A6400 za mu ce ya ɗauka, ya rage na sayen gilashi mai buɗewa sosai, ko da zai haƙura da sabuwa. Wanda kuma zai riƙa karɓar kuɗin mutane a kan biki, ya daure ya nemi A7 III, ba don hoto kaɗai ba: ramin memori biyu gare ta, tana ajiye kowane hoto sau biyu. Sauran biyun rami ɗaiɗai ne, kuma ranar da memori ya lalace ba wanda zai sake ɗaura maka aure don ka ɗauka. In za ka sayi tokunbo, ka sa a duba maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ka ɗauki farin bango ka ga ko akwai tabo, kafin ka miƙa ko sisi.