Jiragen Pyeongchang: Biki ne ko fim?

Mai karatu, in ka kalli bikin buɗe gasar Olamfik ta hunturu a Pyeongchang, Koriya ta Kudu, a 2018, na san ba ka manta da ƙananan jiragen nan marasa matuƙa guda 1,218 na kamfanin Intel ba. Kowanne da 'yar fitilarsa, kwamfuta na juya su, suka zana mutum yana zamiyar ƙanƙara, can kuma suka rikiɗe suka koma zobba biyar na Olamfik. Kai, abin ya ƙayatar!

To amma ka san ba a daren aka yi ba? Tun cikin Disamba aka ɗauki hoton, ranar biki a Fabrairu sai aka cusa shi cikin shirin talabijin. Haka ma aka yi da jirage 300 na wasan Lady Gaga a Super Bowl na 2017.

Ni fa a nan nake da ja. A fim mun yarda edita ya yanka ya haɗa, don mun san fim muka saya. Shi kuwa wasan fitilu a sama, armashinsa ai ganin ido ne, da ɗar-ɗar ɗin ko iska za ta watsa jiragen. In ka cire wannan, me ya rage wanda yaro mai kwamfuta ba zai zana ba?

Gara na Tokyo a 2021. Jirage 1,824 suka dunƙule suka zama duniya tana juyawa, nan take. Korona ta hana 'yan kallo shiga filin, amma mutanen gari da ke waje sun ɗaga kai sun gani.