Wa'azi Ne Ya Kashe Star Wars, Ko Kuwa Gaggawa?

A cikin The Rise of Skywalker, fim na tara a jerin Star Wars wanda aka saki a watan Disamba na 2019, akwai fitowar da Poe Dameron ya tsaya gaban 'yan uwansa 'yan tawaye ya shaida musu cewa Palpatine ya dawo, ta wata hanyar da shi kansa bai sani ba. Palpatine ɗin nan shi ne azzalumin sarkin da aka jefa cikin rami a fim ɗin 1983, sannan tashar da ramin yake ciki ta tarwatse. Bayan shekara 36 sai ga shi da ransa, kuma finafinai biyun da suka gabata ko inuwarsa ba su nuna ba. Abin da ya fi ban haushi, jawabin da aka ce ya watsa wa duniya yana shelar dawowarsa ba ya cikin fim ɗin ma. A lokacin, wanda yake son ji sai ya shiga wasan kwamfuta na Fortnite, don a can kamfanin ya saka shi a matsayin talla.

Ba mu ga laifin masoyan da suka fito daga sinima ransu a ɓace ba. Kuɗinsu suka biya, wasu ma tun suna yara suke biye da labarin nan. Sai dai ƙorafin nasu kashi biyu ne da suka cakuɗe. Na farko, rubutun ya lalace. Na biyu, an mayar da fim mumbari, ana cusa musu saƙon daidaiton jinsi da na launin fata ko suna so ko ba sa so, abin da a Amurka suke yi wa laƙabi da "woke". Da yawansu sun yi imani cewa na biyun ne ya haifi na farkon. A nan ne muka rabu da su.

Star Wars bai taɓa zama labari marar siyasa ba. George Lucas, wanda ya ƙirƙire shi a 1977, ya sha faɗa cewa yaƙin Biyetnam yana cikin ransa lokacin da yake rubutu: ƙaramar runduna marar kayan aiki tana gwabzawa da daula mai manyan makamai. Sunan sojojin Daular da kakin hafsoshinta daga Jamus ta zamanin Hitila aka aro su. A fim ɗin 2005 kuwa, majalisar dattawa ce ta tafa wa mutumin da ya rusa jamhuriya a gaban idonta da sunan tsaro, a daidai lokacin da Amurka take tsakiyar yaƙin Iraƙi. Saƙo yana nan tun asali. Abin da ya canza shi ne yadda ake dafa labarin.

A 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a kan dala biliyan huɗu da 'yan kai. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai zauna jiran marubuci ya sami ilhama ba. Michael Arndt, marubucin farko da aka ɗauka, ya nemi ƙarin lokaci; a ƙarshen 2013 aka karɓe aikin aka ba J.J. Abrams da Lawrence Kasdan. The Force Awakens ya fito a 2015, ya tara sama da dala biliyan biyu, amma kusan komai nasa kwafin fim ɗin 1977 ne: maraya a hamada, ɗan mutum-mutumi ɗauke da sirri, ƙatuwar tashar da take halaka duniyoyi. Ya kuma bar tambayoyi birjik ba amsa. Su wane ne iyayen Rey? Wane ne Snoke? Sai aka miƙa fim na gaba ga Rian Johnson, shi kuwa a The Last Jedi na 2017 ya kashe Snoke, ya ce iyayen Rey ba kowa ba ne. Daraktan da aka tanada wa na uku, Colin Trevorrow, ya bar aikin a watan Satumba na 2017. Abrams ya dawo, ya shiga warware abin da Johnson ya ƙulla, ya mayar da Rey jikar Palpatine. Daisy Ridley, wadda ta fito a matsayin Rey, ta faɗa a wata hira a 2020 cewa an yi ta sauya asalin nata, har ana cikin ɗaukar fim ɗin ƙarshe ba a gama tsayar da magana ba. Wannan ginin gida ne ba zane, kowane magini ya zo sai ya rushe katangar na gabansa. Ga kuma rasuwar Carrie Fisher a Disambar 2016, wadda ta tilasta aka ɗinka rawar Leia da ragowar hotunan da aka ɗauka tun da. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya shafi cewa jarumar mace ce.

Duk da haka akwai inda masu ƙorafin suka taɓo gaskiya, kuma masu sharhin jaridu sun yi saurin kore su. A shafin Rotten Tomatoes masu sharhi sun ba The Last Jedi sama da kashi 90, 'yan kallo kuwa ƙasa da kashi 50. An ce wasu sun yi gangamin zubar masa da daraja da gangan, kuma an yi ɗin, amma wannan bai isa ya bayyana irin wannan tazara ba. Mu ɗauki tafiyar Finn da Rose zuwa Canto Bight, birnin caca na attajirai. Tunanin da ke ƙarƙashinta mai kyau ne: dillalan makamai suna sayar wa Daula suna sayar wa 'yan tawaye, yaƙin da talaka yake mutuwa a cikinsa shi ne kasuwar wasu. To amma ta yaya aka isar da shi? Rose ta tsaya a baranda ta yi wa Finn bayani, wato ta yi mana. Daga nan suka saki dabbobin tsere daga garke suka ji daɗi a ransu, suka bar yaran da ake bautarwa a garken nan inda suka same su. Fim ɗin ya faɗi abu da baki, aikin jarumansa ya faɗi wani abin daban. Haka kuma rikicin Holdo da Poe: an so a nuna cewa namiji mai zafin kai ya koyi sauraron shugabarsa mace, amma don a cim ma hakan sai aka sa ta ɓoye masa shirinta ba da wani ƙwaƙƙwaran dalili ba, aka bar ɗan kallo ya goyi bayan Poe na tsawon lokaci, sannan aka juyo ana yi masa faɗa don ya goyi bayansa.

Marvel ma tana da irin tata. A Avengers: Endgame na 2019, ana tsakiyar yaƙi, duk jarumai mata suka bar inda suke suka jeru a gaban kyamara, wasunsu ko gaisawa ba su taɓa yi ba a finafinai ashirin da suka wuce. Hoto ne na fosta, ba labari ba. Mu da muka taso da kallon finafinan Kannywood mun san wannan ciwo sarai: a yi awa biyu ana soyayya da rawa, saura minti biyar a tashi sai a shigo da malami ko dattijo ya zaunar da kowa ya zayyana darasi, a ce an faɗakar. Ba mu taɓa cewa faɗakarwa ce matsalar ba. Magana Jari Ce cike yake da darasi, amma akun nan na Abubakar Imam ya san cewa in labarinsa bai yi daɗi ba yarima zai tashi ya fice.

Akwai kuma abin da masu ihun "woke" ba sa son a tuna musu. Kamfanin da suke zargi da tsananin aƙida ba shi da aƙidar da ta wuce ta ciniki. A fostar The Force Awakens da aka buga don kasuwar ƙasar Sin, an ƙanƙantar da hoton John Boyega, baƙar fata ɗan Birtaniya mai asali da Nijeriya. Shi ne aka tallata riƙe da takobin haske, sojan Daula da ya cire hular ƙarfe ya ƙi harbin fararen hula, wanda a ganinmu shi ne sabon tunani mafi ƙarfi a duk jerin. Zuwa fim na uku aikinsa ya koma bin Rey a guje yana kiran sunanta. A 2020 ya gaya wa mujallar GQ cewa bai kamata a fito da baƙar fata a tallata shi kamar shi ne ginshiƙi sannan a ture shi gefe ba. Kelly Marie Tran, wadda ta fito a Rose, zagin launin fata da na jinsi ya sa ta goge hotunanta na Instagram a 2018. Me kamfanin ya yi? A The Rise of Skywalker ya rage fitowarta zuwa minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Wato fim ɗin 2019 shi ne wanda ya fi jin maganar masu ƙorafi: an ture Rose, an mayar da ƙarfin Rey gadon jini daga kaka namiji, an dawo da tsohon mugu da tsofaffin jirage. Kuma shi ne mafi raunin rubutu a cikin ukun, shi ne kuma ya fi ƙarancin ciniki, dala biliyan ɗaya da kaɗan. Da wa'azi ne cutar, da cire shi ya zama magani.

A ƙarshen 2023, bayan The Marvels ya tashi da kusan dala miliyan 200 kacal, mafi ƙaranci a tarihin finafinan Marvel, shugaban Disney Bob Iger ya fito ya ce masu shirya finafinansu sun manta cewa nishaɗantarwa ce gaba da saƙo. Magana ce mai daɗin ji, kuma masu ƙorafi sun yi ta yaɗa ta kamar sun ci shari'a. Amma shi Iger ɗin ne a 2018 ya amsa cewa shi ya yanke shawarar sakin finafinan Star Wars a kai a kai, kuma an yi yawa an yi sauri: guda biyar tsakanin 2015 da 2019. Ɗora laifi a kan saƙo ya fi arha, domin ba ya buƙatar a ƙara wa marubuci ko wata ɗaya. Kuma Black Panther na 2018, wanda muguntarsa kanta muhawara ce a kan bauta da mulkin mallaka da abin da Afirka take bin 'ya'yanta na ƙetare ko suke bin ta, daga wannan kamfani ya fito, ya tara sama da dala biliyan ɗaya da miliyan 300.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin gidan Star Wars ɗin kansa. Andor, fim mai dogon zango da Tony Gilroy ya tsara, ya fara fita a 2022, kuma babu wani abu da aka taɓa yi da sunan Star Wars da ya kai shi siyasa. Babu takobin haske, babu Jedi. Akwai jami'an leƙen asiri suna taro suna rige-rigen neman ƙarin girma, akwai ƙaramin ma'aikacin da son oda da tsari ya mayar da shi karen farautar azzalumai, akwai 'yar majalisar da ta yarda a haɗa 'yarta da ɗan wani ɗan damfara don ta ɓoye kuɗin tawaye. A zango na biyu, na 2025, an nuna yadda gwamnati take shirya kisan kiyashi a Ghorman: ta fara da ɓata sunan mutanen a kafafen yaɗa labarai, sannan ta tura su tarko. Da farko ba a yi rububin kallonsa kamar The Mandalorian ba, amma da yawa cikin waɗanda suka yi wa The Last Jedi tofin Allah tsine su ne suka riƙa yi masa kirari.

Duba kashi na takwas zuwa na goma a zangon farko. An kama Cassian a bakin teku bai yi komai ba, alƙaliya ta yanke masa shekara shida cikin 'yan daƙiƙoƙi, aka kai shi kurkukun Narkina 5. Babu sanduna, babu bulala. Fursunoni ba takalmi suke yawo a kan daɓen da ake sakar wa lantarki, an raba su tebur-tebur suna haɗa wasu ƙarafa da ba su san amfaninsu ba, teburin da ya fi aiki a ƙara masa ɗanɗano a abinci, wanda ya zo na ƙarshe a gasa shi. Mai kula da su, Kino Loy, wanda Andy Serkis ya fito a matsayinsa, shi ma fursuna ne, yana ƙirga kwanakin da suka rage masa, ba ya son jin ko kalmar gudu. Babu wanda ya tsaya a baranda ya yi mana bayanin bautar da fursunoni. An bar mu muka zauna da su kashi uku cur, har ranar da labari ya iso cewa wanda ya gama wa'adinsa ba sakinsa ake yi ba, wani bene ake mayar da shi. Sai a lokacin Kino ya ɗauki makirufo ya yi jawabi, kuma jawabi ne na tawaye tsantsa, ya fi na Rose tsawo nesa ba kusa ba. Fursunoni suka ɓalle, suka kai bakin ginin, teku ne ta ko'ina, suka riƙa faɗawa ruwa. Kino ya tsaya a bakin ƙofa, ya gaya wa Cassian cewa shi bai iya iyo ba.