Dokin da ke Zillewa Wajen 'Yan'uwansa a Filin Tsallake

A wasan tsallake shinge da doki, matsalar da ta fi ba mahaya ciwon kai ita ce dokin da hankalinsa ke wajen 'yan'uwansa. Za a nufi shinge da shi tiryan-tiryan, saura taku uku ko huɗu sai ya karkata zuwa gefen da sauran dawaki suke tsaye, ko ya turje, ko ya dira ya kwashi mahayinsa sai bakin ƙofa. Idan abin ya yi tsanani har tabarya yake yi.

Asalin halin a jininsa yake. Doki dabbar garke ce, kuma a daji wanda ya ware shi namun dawa ke fara kamawa. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, saboda haka ko yana fuskantar shinge bai daina ganin dawakin da ke bayan katanga ba. Dokin da aka shigar fili shi kaɗai yana jin an raba shi da mafakarsa ne.

Dokokin hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921, ba su yi wa wannan hali sassauci ba. Dokin da ya ƙi shinge ko ya goce ta gefensa, an rubuta wa mahayinsa laifi huɗu, daidai da wanda ya kayar da sanda. Ya sake, an fitar da su. A manyan gasa, inda shinge ke kai mita 1.60, karkatar taku ɗaya ta isa ta sa doki ya tashi a inda bai dace ba.

Ga Hausawa mazauna Lome, akwai wani dalili na kusa. Hawan da aka gada duk na taro ne. Hawan Sallah a Kano da Katsina da Zariya, sukuwa a Maraɗi, da rawar dawakin bikin Gadao-Adossa a Sokode, ko'ina doki kafaɗa da kafaɗa yake tafiya da ɗan'uwansa. Dokin da ya tashi a haka ya koyi cewa aiki shi ne bin ayari. Ranar da aka ce ya juya wa ayarin baya ya tunkari katako mai fenti shi kaɗai, an nemi abin da ba a taɓa koya masa ba, kuma zalunci ne a kira shi mai gardama.

Kafin a yi maganar horo, sai an duba lafiyarsa. Sirdin da ke cin baya, majanyin da aka ɗaure fiye da kima, haƙori mai kaifi da ke yankar kumatu, kofato mai ciwo, kowannensu yana sa doki ya tsani tsalle ya nemi hanyar komawa barga. Linzami ma abin dubawa ne. Linzamin gargajiya mai zobe, wanda ke tsayar da ingarma cak a gaban sarki lokacin jafi, bai dace da tsalle ba, domin doki yana buƙatar miƙa wuyansa a sama. Idan duk tashin da ya yi sai ƙarfe ya daki bakinsa, ba zai daɗe ba zai fara gudun shingen.

Idan lafiya ƙalau ce, sai a koma kan mahayi. Zillewa ba ta zuwa kwatsam. Kunne ɗaya ne ke fara juyawa wajen dawakin, sai takun ya gajarce, sai kafaɗar wannan gefen ta fara kumburowa waje. A nan yawancin mahaya ke kuskure: doki na jan hagu, su kuma su finciki linzamin dama. Wuya ya lanƙwashe dama, kai ya kalli dama, amma kafaɗa da sauran jiki suna ci gaba da zamewa hagu, don doki kafaɗarsa yake bi, ba hancinsa ba. Abin da ke aiki shi ne a riƙe linzamin hagu daram a jikin wuya ya zama katanga, a matse da ƙafar hagu, a ɗan buɗe hannun dama ba tare da ja baya ba. Bulala ta koma hannun hagu, a taɓa kafaɗar da ita in ta fara fita. Idon mahayi kuma ya tsaya can gaba da shingen, domin inda ya kalla nan nauyinsa ke karkata, doki kuwa yana jin wannan sarai.

Horon kansa daga ƙasa yake farawa. A sauke shinge har ya zama doki zai iya ƙetare shi daga tsaye, yadda ba shi da hujjar juyawa. A jingina sanduna biyu a kansa, bakinsu a buɗe ta wajen shigowa, su zama masa hanya. Da farko a tsallaka ana fuskantar sauran dawaki, tunda can zuciyarsa take. Bayan kwanaki a juya shingen ya zama suna gefe, sai daga ƙarshe a tsallaka ana ba su baya. Duk lokacin da ya dira, a tafi miƙe taku biyar ko shida, a juya ta gefen da babu dawaki. In ya goce ta hagu, ta dama za a dawo da shi, kada a bar shi ya ƙarasa da'irar da ya zaɓa.

Sai batun hutu, wanda shi ne ginshiƙin gyaran. Mahaya sun saba su gama zagaye su je su tsaya cikin abokai ana hira, a saki linzami, a shafa wuya. Doki ya gane ke nan cewa daɗi yana wajen taro, wahala tana wajen shinge. Sai a juya lissafin: kusa da dawaki a sa shi sassarfa da zagaye, can ƙarshen fili a tsaya ya huce, a sassauta majanyi, a sauka a nan, a jawo shi gida da ƙafa. Kilisa shi kaɗai, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, tana ƙarfafa wannan darasi.

Duka ba ya cikin maganin. Duniya ta ga haka a gasar Olympics ta Tokyo a watan Agustan 2021, lokacin da doki mai suna Saint Boy ya turje wa Bajamushiya Annika Schleu, wadda ke kan gaba a gasar wasanni biyar. Minti 20 kacal aka ba ta ta saba da shi. Bulala ba ta motsa shi ba, mai horar da ita, Kim Raisner, ta kai masa naushi aka kore ta daga gasar, daga baya kuma hukumar wasan ta yanke shawarar cire hawan doki bayan gasar Paris ta 2024. Dokin da ke cikin tsoro, duka tabbatar masa yake yi cewa filin wurin gudu ne.

Ranar gasa, a fitar da shi daga cikin masu ɗumama jiki 'yan mintoci kafin a kira shi, ya yi ta tafiya shi kaɗai. A shiga da sassarfa mai ƙarfi, a wuce ƙofar zuwa tsakiyar fili kafin a tsaya gaisuwa. In ingarma ne, a nisanta shi da goɗiya tun daga wurin ɗauri, kuma abokin turkensa kada a tsayar da shi inda zai ji haniniyarsa.