Mudun Awon Gwanaye: Bitar Littafin The Blind Side

Duk inda masu kallon ƙwallon Amurka suka zauna, akwai musun da ba ya ƙarewa: a cikin 'yan baya, wa ya taɓa yin kakar wasan da ta fi ta kowa? Da lissafi ake fara shi, wato sau nawa mutum ya kayar da kwatabak, ɗan wasan da ke jefa ƙwallo, tun ƙwallon ba ta bar hannunsa ba. Wani ya kawo Michael Strahan mai kaye 22.5 a 2001, wani ya ce ai T.J. Watt ya kamo shi a 2021, dattijai kuma su tuna da Reggie White, wanda ya yi 21 a wasa 12 kacal a 1987.

Michael Lewis bai rubuta The Blind Side a 2006 don raba wannan gardama ba, amma a cikinsa na sami mudun awon da ya fi gamsar da ni.

Littafin ya buɗe da daren Litinin, 18 ga Nuwamba 1985, a birnin Washintan. Lewis ya ɗauki 'yan daƙiƙu yana warware su ɗaya bayan ɗaya, har lokacin da Lawrence Taylor na New York Giants ya faɗa kan kwatabak Joe Theismann, ƙafar Theismann ta dama ta karye. Taylor da kansa ya zabura yana yafito likitoci, Theismann kuwa bai sake buga wasa ba. Abin da ya burge ni shi ne marubucin bai tsaya cinikin tashin hankali ba, sai ya juya ya nuna mana wanda ba ya filin. Joe Jacoby, ƙaton da ke gadin hagun Theismann, yana jinyar rauni a daren.

Nan ne zuciyar littafin. Kwatabak mai jifa da dama yakan ba gefen hagu ƙeya, kuma ta nan Taylor ke ɓullowa. Lewis ya bi diddigin yadda manyan kociyoyi suka rasa barci a kansa. A Janairun 1982 Bill Walsh na San Francisco ya ɗora wa ɗan wasansa John Ayers aikin barin gurbinsa ya tare shi. Joe Gibbs na Washintan ya sake jera 'yan wasansa don a sami ƙarin mutum a gabansa. Da aka ba 'yan wasa 'yancin sauya kulob a 1993, sai mai gadin hagu, wanda a da ba a ko san sunansa ba, ya shiga sahun masu albashi mafi tsoka. Kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya, kuma mutum guda ne ya riƙe gangar.

Da wannan mudu, kakar Taylor ta 1986 ta fito fili. Kayensa 20.5 ne, bai kai na Strahan ba, amma ya yi su ne alhali kowane abokin karawa ya kwana yana shirya masa. A shekarar aka zaɓe shi gwarzon gasar NFL baki ɗaya, lambar da Alan Page na Minnesota kaɗai ya taɓa samu cikin 'yan baya, a 1971.

Littafin yana da giɓi. Lewis ya so Taylor har ya kusa mance da magabata. Deacon Jones na Los Angeles Rams ya addabi masu jifa tun kaka tana da wasa 14, kafin a fara rubuta kaye a hukumance a 1982, kuma marin kwalkwalin da ya shahara da shi sai da aka haramta shi a 1977. Wanda aka kafa doka saboda salonsa ai ya cika mudun Lewis har ya zuba. Haka nan rabin littafin da ke ba da labarin ɗan wasa Michael Oher, wanda ya zama fim a 2009, yau ana karanta shi da taka-tsantsan, domin a 2023 Oher ya kai iyalin da suka ɗauke shi kotu.

Duk da haka ina ba duk mai son wasan shawarar ya nemi littafin. Yawan wasanni ya tashi daga 14 zuwa 16, yanzu 17, dokoki kuma sun yi ta sassauta wa masu jifa, don haka alƙaluman zamani biyu ba sa zama a sikeli ɗaya. Tambayar da Lewis ya koya mini ita ce ke ratsa kowane zamani: bayan wannan ɗan wasa ya gama kakarsa, me abokan hamayya suka daina yi, me kuma dole ta sa suka koya?